Yadda Ake Zama da Miji Mashayi, da Yadda Ake Auna "Ki Yi Haƙuri"

Shekara tara na yi ina sauraren ƙofar gida da ƙarfe ɗayan dare. Daga yadda makulli ke laluben kwado nake gane ko yau lafiya za a kwana ko a'a. Maigidana ya bar giya shekara shida ke nan, Allah Ya ƙara tsarewa. Tun daga lokacin mata da yawa sun zauna a tabarmar ɗakina, wasu ƙannena, wasu maƙwabta, wasu ban taɓa ganinsu ba sai da wata ta turo su. Akwai waɗanda aurensu ya gyaru, akwai waɗanda ya mutu, akwai waɗanda har yau ana ja-in-ja. Abin da nake gaya musu shi zan jera a nan. Da mace nake magana domin ta nan na biyo, amma namijin da matarsa ta faɗa shan kodin ko ƙwaya ya juya maganar, kusan duk za ta yi masa aiki.

KAYAN DA ZA KI TANADA

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ki ce masa uffan, ki haɗa waɗannan.

Littafin rubutu irin na 'yan firamare, da biro. Ki ɓoye shi inda hannunsa ba ya zuwa. Nawa a cikin tukunyar jere yake kwana, wadda ba a girki da ita. In ba ki iya rubutu ba, ki riƙa naɗar muryarki kina tura wa aminiya ɗaya, sannan ki goge daga wayarki.

Kuɗin da bai san da su ba, waɗanda za su kai ki gidanku ke da yara, su riƙe ku kamar mako biyu. Asusun banki da sunanki ya fi, lambar sirrin kuma ke kaɗai. In babu, ki ba yayarki ajiya, ko ki shiga adashe wurin uwar adashe mai riƙe baki.

Jakar ko-ta-kwana: katin ɗan ƙasa, takardun haihuwar yara, katin asibiti, kaya kala biyu-biyu, cajar waya. A gidan maƙwabciya za ta zauna, ba a ɗakinki ba.

Mutum biyu masu riƙe sirri. Ɗaya daga danginki, ɗaya daga nasa, wanda yake jin nauyinsa. Sau da yawa kawu ko babban wa ya fi uwa amfani a nan, domin uwa ba ta son jin laifin ɗanta, kuma in ta ji, wani lokaci ke za ta ɗora wa.

Ɗaki mai sakata ta ciki, da lambar ɗan adaidaita na unguwa wanda zai ɗaga waya da tsakar dare.

MATAKI NA 1: KI YI WATA GUDA KINA RUBUTU KAWAI

Kullum layi huɗu: ƙarfe nawa ya shigo, a wane hali, me aka rasa a gidan saboda hakan, me ya ce da safe. Ban da zagi, ban da tsinuwa. "Laraba, 1:20, yana tangaɗi, babu kuɗin cefane, da safe ya ce mura ce."

Dalilin littafin shi ne shaye-shaye da musu tare suke tafiya. Zai ce sau ɗaya ne, zai ce warin fetur ne, zai ce ke ce mai zargi, har ki fara shakkar hancinki. Wani abin kuma da ban sani ba sai daga baya: giya in ta yi yawa tana hana ƙwaƙwalwa ajiye abin da ke faruwa, mutum yana tafiya yana magana amma babu abin da ke zama. Saboda haka in ya ce "wallahi ban tuna ba", yana iya zama gaskiya ya faɗa. Rashin tunawarsa dai bai goge abin da ya yi ba, kuma littafin ne zai tuna masa.

Bayan wata guda za ki ga zanen abin. Ranar albashi ne? Daren kallon ƙwallo? Duk ranar da wani aboki ya kira? Ki lura musamman ko hannunsa na rawa da safe, ko yana gumi da tashin zuciya har sai ya fita ya dawo sannan ya daidaita. Ki ja layi a ƙarƙashin wannan, za mu dawo kansa a mataki na 8.

Kuskuren da kusan kowa ke yi a nan shi ne zama 'yar sanda: lalube aljihu, shinshina baki, bin sa har mami ko lungunan Sabon Gari. Na yi duka. Abin da na samu kawai shi ne ya ƙware a ɓoyo. Ya koma tauna goro da kanumfari, aljihu cike da TomTom, abin kuma ya koma cikin robar lemo.

MATAKI NA 2: DAREN DA YA DAWO A BUGE

Ba a shari'a da mai maye. Duk abin da kika faɗa a daren, iska ce za ta kwashe, sai dai abin da zai harzuƙa shi. Ki tura yara ɗaki, ki ɗauke makullin babur ko mota, ki ajiye masa ruwa, ki ba shi wuri.

In ya zube yana barci mai nauyi, ki kwantar da shi a gefe, ki lanƙwasa ƙafar da ke sama don kada ya mirgina, fuska ta ɗan kalli ƙasa. Mai maye da ya kwana rigingine amai na iya shaƙe shi. Kada ki ɗura masa madara ko shayi ko kunu alhali ba ya cikin hayyacinsa, kada ki sa masa yatsa a maƙogwaro, kada ki ba shi maganin barci. Ki riƙa leƙa shi.

Waɗannan alamu kuwa ba na jira ba ne: kin girgiza shi kin mintsine shi bai motsa ba, numfashinsa bai kai takwas a minti ɗaya ba ko yana ɗaukewa yana dawowa, jiki ya yi sanyi, yana jijjiga, ko yana aman jini. A kira ɗan adaidaita, a tafi asibiti. Giya tana saukar da sukarin jini, musamman ga wanda ya sha bai ci abinci ba ko mai ciwon suga. Na san matar da ta tsaya tunanin abin da maƙwabta za su ce har gari ya waye. Kada ki zama ita.

In mai duka ne in ya sha, lissafin ya canza gaba ɗaya. Kada ki bari ya tare ki a kicin, inda wuƙa da taɓarya suke. Ki kulle kanki da yara, ko ku fice gidan da jakarki take. Ranar farko da ya ɗaga miki hannu, mutanenki biyu su ji kafin azahar. In akwai rauni, ki je asibiti a rubuta, ki ɗauki hoto.

Abu ɗaya da ake yawan tambayata: in ya furta saki yana cikin maye fa? Ki rubuta lafazin yadda ya fito da wanda ya ji, ki kai wa malami masanin fiƙihu ko alƙali. A mazhabar Malikiyya da muke bi, magana mafi shahara ita ce sakin wanda ya sa wa kansa maye da haram yana aukuwa. Kada ku kashe maganar ku biyu da "ai a buge nake".

MATAKI NA 3: KI DAINA SHARE MASA HANYA

Wannan ya fi kowane wuya, domin an rene mu a kan rufin asirin miji. Amma rufin asiri daban, share hanya daban. Rufin asiri shi ne kada ki baza shi a gidan biki ko a Facebook. Share hanya shi ne abin da na yi shekaru ina yi: in kira ogansa in ce zazzaɓi ne, in sayar da ɗan kunnena in biya bashin da ya ci, in wanke amai tun kafin asuba don ya tashi ya tarar da ɗaki fes. Yana farkawa, babu abin da ya nuna an yi wani abu jiya. To me zai sa ya daina?

Daga yau, wanda ya ɗebo da zafi bakinsa. In ya makara aiki, shi zai kira. In mai bashi ya yi sallama, ki ce ya dawo lokacin da maigidan ke nan. In ya ɓata shimfiɗarsa, ya tashi ya gani. Ba da gori za ki yi ba, ba da izgili ba. Hannunki kawai za ki janye. Iyakar wannan ita ce inda rai ko lafiya ke cikin haɗari, kamar tuƙi a buge.

Kada ki ɓata ƙarfinki wajen zubar da kwalabe. Kin zubar, ya sake saye, kuɗin cefane ya tafi sau biyu.

A Amurka, matan mashaya sun kafa ƙungiyarsu mai suna Al-Anon a 1951, ƙarƙashin jagorancin Lois Wilson, matar ɗaya daga waɗanda suka kafa ƙungiyar mashaya masu neman dainawa a 1935. Abin da suke fara koya wa sabuwar zuwa shi ne ba ita ta jawo shaye-shayen mijinta ba, ba za ta iya juya shi ba, ba kuma ita ce za ta warkar da shi ba. Da na ji wannan tun farko, da ban yi shekaru ina canza girki da kwalliya ba, ina tsammanin wani abu ne ya gaza a wurina.

Ɗaya gefen kuma, wanda zuciya ba ta so: ranar da ya dawo garau, ki bari ya ga bambanci. Abinci mai zafi, hira, fuska a sake. Ranar da ya dawo a buge, ladabi kawai da nisa. Mata da yawa suna yin akasin haka. In yana buge suna lallashi don tsoro, in ya wartsake sai su sauke masa kwandon faɗa, har gida ya zama ba ya daɗi sai da maye.

MATAKI NA 4: KI RABA ABINCIN YARA DA ALJIHUNSA

Ranar da kuɗi ya shigo, ranar za a sayi buhun masara ko shinkafa, mai, da sabulu. Kuɗin makaranta a tura asusun makarantar kai tsaye. In ɗan kasuwa ne ko mai sana'ar hannu da ke samu kullum, ki nemi kuɗin cefanen gobe tun da rana, kafin magariba.

Kada ki karɓo bashi da sunanki don shi. Kada ki ba shi BVN ko NIN ɗinki ya ci bashin manhajar waya, domin ranar da aka kasa biya, ke za a bi ana tozartawa a wurin duk wanda ke cikin wayarki. Kayan ɗakinki naki ne, in suka fara ɓacewa ɗaya-ɗaya, ki kwashe masu daraja ki kai gida.

In ya hana ciyarwa alhali yana da shi, ki tuna Hindu 'yar Utba ta kai ƙarar Abu Sufyan a kan rowa, Manzon Allah (SAW) ya ba ta izinin ɗaukar abin da zai ishe ta da 'ya'yanta gwargwadon al'ada. Gwargwadon buƙata ke nan, ba ramuwa ba.

MATAKI NA 5: ZAMA NA FARKO

Ba da dare ba, ba kuma da sassafe yana fama da ciwon kai ba. Ki bari sai ya ci ya ƙoshi, yara ba sa nan, kamar bayan la'asar. Kada ya wuce minti goma. Abu ɗaya za ki ɗauko daga littafin, ba tarihin shekara biyar ba. Ga kusan yadda na faɗa:

"Baban Ummi, ina son magana, ba faɗa ba. Daren Laraba ka faɗi a tsakar gida, Ummi tana tsaye bakin ƙofa tana kallo. Jiya ta tambaye ni ko za ka mutu. Ina tsoro. Ina son mu je ka ga likita ranar Litinin, ni zan raka ka."

Ki lura ban ce masa mashayi ba, ban ce ya ji tsoron Allah ba. Ya san haramun ne tun yana makarantar allo, wa'azi ba shi ya rasa ba. In ya fusata ya tashi, ki bar shi, kin dai shuka. In ya juya maganar kanki, "ai halinki ne ke kora ta waje", ki ce, "Za mu yi maganar halina, amma yau ta likita nake yi."

Mai yiwuwa kuma ya sunkuyar da kai, ido ya kawo ruwa, ya ce, "Ki yi haƙuri."

MATAKI NA 6: YADDA AKE AUNA BAN-HAƘURI

Ki tsaya ki dubi kalmar da kyau. "Ki yi haƙuri." Wa aka ba aiki a ciki? Ke. Shi ya yi ɓarna, ke aka ce ki yi wani abu. Kalmar da ake faɗa wa wanda aka yi wa rasuwa ce, da wanda aka taka a kasuwa, da wanda ya tarar mai ya ƙare a gidan mai. Babu amsa laifi a cikinta ko kaɗan. Uwarki ma ita za ta gaya miki, surukarki ita, limamin unguwa ita, har ki rasa wane ne mai ba ki haƙuri don ya yi laifi, wane ne mai ce miki ki yi shiru. A littafina na ƙirga "ki yi haƙuri" goma sha bakwai cikin wata uku. Goma sha ɗaya daga ciki a ranar da aka faɗe su aka sake sha.

Ba ina cewa ƙarya yake ba. Wannan shi ne abin da ke rikita mace. Da safen nan da gaske yake, kunyar gaske ce, hawayen gaske ne. Amma nadamar safe ba ta da iko da ƙishin yamma. Saboda haka ki daina tambayar kanki ko da gaske yake. Ki tambayi abin da haƙurin ya zo da shi a hannu.

Ma'aunin da na riƙe ba ni na ƙirƙiro ba, sharuɗɗan tuba ne da malamai ke karantarwa: a bar laifin, a yi nadama, a ƙudurta ba za a koma ba, in kuma akwai haƙƙin wani a mayar masa. In Allah, mai yawan gafara, Ya sa wa tuba sharuɗɗa, ke ba ki yi zalunci ba don kin sa. Ga yadda nake juya su zuwa tambayoyi.

Ya ambaci abin da ya yi da bakinsa? "In na ɓata miki rai ki yi haƙuri" ba komai ba ne. "Na sha, na zage ki gaban yara, na kashe kuɗin makarantar Abba" shi ne magana. In ya ce bai tuna ba, ki karanta masa, ya maimaita.

Akwai "amma" a ciki? "Na yi kuskure, amma ke ma..." Duk abin da ya zo kafin amma ya zube.

Me ya mayar? Kuɗin da ya ɗauka, ko da kaɗan-kaɗan. Yaran da ya tsorata, ya zauna da su ya ba su haƙuri da kansa. In gaban mutane ya ci mutuncinki, gaban su zai gyara.

Me ya canza a yau, ba gobe ba? Ya goge lambar abokin? Ya canza hanyar dawowa? Ya miƙo katin banki? Ya sa ranar ganin likita? Rantsuwa da Alƙur'ani ba ta cikin lissafi. Ni ma har hana shi na riƙa yi, domin abin da take ƙarawa kawai kaffara ce a kansa da ƙarin ɓoyo in ya karya.

Yana ba ki lokaci? Wanda ya ba da haƙuri da hantsi, da azahar yana fushi don ba ki saki fuska ba, ba gafara yake nema ba, so yake a rufe zancen. Haka mai shigowa da tsire da atamfa. Ki karɓa ki gode, amma kada ki bari leda ta zama amsar tambayoyin nan. Tuban muzuru ke nan, ana tuba kaza na baki.

To me za ki ce in ya ba da haƙurin? Kada ki ce "ba komai", domin akwai komai. Ni cewa nake, "Na ji. Zan gani." In zuciyarki ta yafe, ki ce kin yafe, wannan tsakaninki da Allah ne kuma yana sauke miki nauyi. Amma yafiya daban, amana daban. Yafiya kyauta ce, kina iya bayarwa yau. Amana bashi ce, biya ake yi. Hadisi ya tabbata cewa ba a saran mumini sau biyu a rami ɗaya, saboda haka wanda ya ce miki "in kin yafe ai sai ki manta" bai kawo hujja ba.

MATAKI NA 7: SHIGO DA MANYA

In zama biyu ko uku bai haifar da komai ba, ki gaya masa tukuna: "Zan sanar da Kawu." Kada ya ji daga sama. Aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta ce a ɗauko mai sulhu daga danginsa da mai sulhu daga danginta, ka ga ba tonon asiri ba ne, umarni ne.

Ki je da littafinki. Dattawa sun saba jin "yana cutata", su ce a yi haƙuri. Ba su saba jin "sau goma sha huɗu a watan jiya, ga ranakun" ba. Ki roƙi kada a tashi sai an sa abu uku: ranar zuwa asibiti, wanda zai riƙe kuɗin gida, da abin da zai biyo baya in an saɓa. Ki roƙe su kuma kada su tsine masa. A Sahihul Buhari akwai sahabin da aka sha kawowa saboda giya, wani ya la'ance shi, Annabi (SAW) ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa. Kunya mai yawa komawa kwalba take sa mutum.

In babu dattijon kirki a dangi, limami ko mai unguwa na iya tsayawa. Kirista ta nemi fasto ko dattawan ikilisiya. Hisbah ma tana sulhun aure, sai dai ki sani a jihohin da ke bin shari'a shan giya laifi ne, maganar na iya wuce inda kika nufa. Ki yi shawara kafin ki je.

MATAKI NA 8: ASIBITI, BA GIDAN MARI BA

Ki koma layin da kika ja a mataki na 1. Wanda jikinsa ya saba da giya kullum, musamman mai rawar hannu da safe, kada ya yanke ta rana ɗaya a gida. Awa shida zuwa kwana guda bayan kurɓin ƙarshe rawar jiki da gumi da rashin barci ke farawa. Cikin kwana biyun farko yana iya faɗuwa yana jijjiga kamar mai farfaɗiya. Daga kwana na biyu zuwa na huɗu wasu ke ruɗewa, zazzaɓi ya rufe su, su riƙa ganin ƙwari da macizai a bango. A nan ake cewa aljanu ne a tafi ruƙiyya, alhali wannan halin yana kisa in ba a kai asibiti ba. Shi ya sa azumin Ramadan ke zama haɗari ga irin wannan mutum in ya ce daren farko zai bari. A ga likita tun cikin Sha'aban.

A asibiti ana ba da maganin da ke sauko da jiki a hankali, da sinadarin bitamin B1 don kare ƙwaƙwalwa, a duba hanta. Daga baya akwai magungunan rage sha'awar sha, kamar naltrexone, da zaman tattaunawa da masana. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri. A Kano akwai Dawanau da sashen ƙwaƙwalwa na asibitin Malam Aminu Kano. Hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ma tana da sashen ba da shawara a ofisoshinta na jihohi. In ya ce shi ba mahaukaci ba ne, ku fara da babban asibiti a kan rashin barci ko ciwon ciki, ki tabbata dai likitan ya ji gaskiyar yawan abin da yake sha.

Abu biyu kada ki yi. Kada ki barbaɗa masa wani magani a abinci a ɓoye, na gargajiya ko na kemis. Akwai ƙwayar da in ta haɗu da giya take sa amai, bugun zuciya da faɗuwar jini, likita ne kaɗai ke ba da ita kuma da sanin mai sha. Kada kuma ki yarda a kai shi inda ake ɗaure mutane da mari. A watan Satumban 2019 'yan sanda sun fito da mutum fiye da 300 daga wani gida irin wannan a Rigasa ta Kaduna, da yawa da sarƙa a ƙafa da tabon bulala. Addu'a kuwa ki yi ta, ta tafi tare da magani.

MATAKI NA 9: MAYAR DA AMANA DA MUDU

In ya fara dainawa, kada ki juye masa komai rana ɗaya don murna. Mu ga yadda muka yi: wata uku na farko katin banki yana hannuna, yana karɓar na mota da na abincin rana. Bayan wata shida ya koma yin cefane da kansa. Sai da ya shekara kafin ya sake ɗaukar yara a babur. Kowane mataki mun faɗe shi a fili tun kafin lokacinsa, don kada ya zama kamar wulaƙanci.

Ki sa ran watannin farko ba daɗi. Zai yi saurin fushi, barci zai ƙi, zai riƙa neman zaƙi. Ke ma abin da kika danne shekaru a lokacin zai taso, ya yi lattin minti ashirin ki ji cikinki ya ɗuri ruwa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Ki gaya masa haka, ki ce kira ɗaya in zai makara ya ishe ki.

Zai iya zamewa. Nawa ya zame sau biyu. Abin dubawa shi ne wa ya fara faɗa. Na farko ni na gano, muka koma mataki na 7, katin ya dawo hannuna. Na biyu shi ya shigo ya zauna bakin gado ya ce, "Maman Ummi, na sha. Gobe zan koma wurin likita." Ranar ce na fara yarda da shi, duk da warin na ɗakin.

Yara kuma kada a yi musu ƙarya, sun riga sun gani. "Babanku yana da ciwon shan abin da ke cutar da shi, ba laifinku ba ne, manya na nema masa magani." Kada ki mai da babbar 'yarki abokiyar kukanki, kada kuma ki aiki yaro ya leƙo miki inda uban yake.

MATAKI NA 10: IN HAR BA TA YIWU BA

Tun a zaman manya ki faɗi iyakarki, kuma kada ki faɗi wadda ba za ki iya cikawa ba. Yajin da ake dawowa bayan kwana biyu don an aiko da goro, koya masa yake cewa maganarki ba ta da nauyi. Tawa iyakar biyu ce: duka, da taɓa yara. Wata ƙanwata tata ita ce wata shida ba tare da ya taka asibiti ba. Wata shidan suka cika, ta ɗauki jakarta a gidan maƙwabciya, ta tafi.

In ya ƙi saki, kotun shari'a tana raba aure saboda cutarwa in an tabbatar, akwai kuma hul'i. Littafinki, takardar asibiti, da mutanenki biyu su ne shaidunki. Ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA tana taimaka wa marasa hali ba tare da kuɗi ba. Ranar tafiya, musamman in mai duka ne, kada ki sanar da shi kina ke kaɗai a gida. Ki fita tukuna, wanki ko kawunki ya kira shi daga baya, kayan ɗaki kuma maza su zo su kwasa da rana.